Rage Naitiret a Ruwan Rijiya da Ƙwayoyin Ƙarfe na Nano: Nazarin Dacewarsa da Yankin Dogon Daji

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ko ƙwayoyin ƙarfe na nano za su iya tsabtace rijiyoyin Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe daga naitiret. An bi hanyar lissafin sinadarai da bitar binciken magabata. Sakamakon ya nuna cewa ƙarfen na mayar da naitiret amoniyam ne, don haka ba ya wadatarwa shi kaɗai.

Fitilun kalmomi: naitiret, ƙarfen nano, rijiya, Dogon Daji

Gabatarwa

Naitiret ba shi da launi ko wari. Yana tsiyaya cikin rijiya marar zurfi daga takin yuriya da NPK na fadamu, da kashin dabbobi, da masai da aka haƙa kusa da rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aunin ruwan sha na Nijeriya na 2007 sun ƙayyade miligiram 50 a lita. Tun 1945 Hunter Comly ya nuna a Iowa ta Amurka cewa ruwa mai yawan naitiret na hana jinin jariri ɗaukar iskar oksijin, har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ba ta magani. Uwar da ta tafasa ruwan don jaririnta ƙara masa naitiret ta yi, domin ruwan ne ke ƙafewa.

Yadda ƙarfen ke aiki

A 1997 Wang da Zhang na Jami'ar Lehigh suka bayyana haɗa ƙwayoyin ƙarfe da girmansu bai wuce nanomita 100 ba. Ƙanƙantarsu ce ke ba su faɗin fuska mai yawa. Yayin da suke tsatsa, sukan miƙa wa naitiret elektiron:

NO₃⁻ + 4Fe⁰ + 10H⁺ → NH₄⁺ + 4Fe²⁺ + 3H₂O

Tattaunawa

Bisa wannan lissafi, kowane giram na naitiret na cin aƙalla giram 3.6 na ƙarfe, kuma miligiram 50 na naitiret na barin kusan miligiram 14.5 na amoniyam. Inda iska ke ratsa ƙasa, ƙwayoyin halitta kan sake mayar da amoniyam ɗin naitiret. An gudu ba a tsira ba. Aikin kuma na buƙatar ruwa mai tsami, ga shi ƙwayoyin ƙarfen kan dunƙule, tsatsa ta lulluɓe su, ƙarfinsu ya mutu. Saboda haka ɗura su kai tsaye cikin ƙasa bai dace da ƙauye ba. Abin da ya fi shi ne matata mai hawa biyu a bakin rijiya: ƙarfe a sama, dutsen ziyolait a ƙasa don kama amoniyam.

Sinadarin borohaidirad da ake haɗa ƙwayoyin da shi na da tsada, amma an yi nasarar amfani da ruwan ganyen shayi a madadinsa. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin kamar ganyen shayi, ta cancanci a gwada ta.

Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar masu bincike na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su auna rijiyoyin yankin da damina da rani, a gwada matatar a ɗakin gwaji kafin a kai ta ga jama'a. Kafin nan, nesanta masai da turken dabbobi daga rijiya, da zuba taki daidai buƙatar shuka, su ne kariyar da jarirai za su samu tun yau.