Harafin Maƙera da Abin da Ake Ɗauka Kuskure a Tsabar Kuɗin Afirka ta Yamma, 1907–1958

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙananan haruffan da ke jikin anini da ɗari da kwabo na zamanin mulkin Ingila, ta kuma rarrabe kuskuren bugu na haƙiƙa da tabon da kuɗi ya samu a hannun jama'a. Ma'aunin da aka bi shi ne lokacin da aibin ya auku: kafin hatimi ya sauka a kan ƙarfen, ko bayan kuɗin ya fita kasuwa.

Haruffan maƙera

An fara buga anini mai huji a 1907 da sanholo, amma bai jure ba, sai aka koma garwayen tagulla da nikel a 1908. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912. Maƙerar sarauta ta Landan ba ta iya ɗaukar aikin ita kaɗai, don haka aka riƙa ba kamfanonin Birmingham kwangila. Harafin H na nufin maƙerar Heaton, KN kuma kamfanin King's Norton. Wanda aka buga a Pretoria yana ɗauke da SA. Na Landan ba shi da harafi ko ɗaya.

A nan ne rikicin yake. A kwabo harafin yana dab da hujin tsakiya, wurin da ya fi ko'ina shan wahala, domin a wancan zamani da zare ake shirya kuɗin a ɗaura a ƙugu. Zare da gumi da gogayya sukan cinye H har ya ɓace, mai kwabon ya ɗauka na Landan ne. Idan aka karkata shi a hasken rana aka duba da gilashin ƙara girma, wurin da aka goge yakan nuna ɗan kwari ko ƙyalli dabam da kewayensa. Wanda bai taɓa samun harafi ba shimfiɗe yake sumul. Wani lokaci kuma maiƙo ne ya toshe hatimin, sai K ya fito N ya dushe. Wannan daga maƙera yake, amma ƙaramin abu ne.

Kwabon 1936

Babu wanda aka fi yi wa mummunar fahimta kamar kwabon da ke ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward VIII. Sarkin ya yi murabus a Disambar 1936, kuma kuɗi mai hotonsa bai shiga hannun jama'a a Ingila ba. Kuɗi mai huji kuwa ba ya buƙatar hoto, suna da kambi sun wadatar, shi ya sa aka buga shi da yawan gaske a Landan da Heaton da King's Norton. Dillalan kayan tarihi sukan ɗora masa farashi kamar an tsinci zinariya, alhali kuɗin cefane ne da ya zaga kasuwanni daga Kano zuwa Kumasi.

Kuskure na gaskiya shi ne wanda masana ke kira alfadari, wato kuɗin da aka haɗa masa hatimai biyu da ba na juna ba. Akwai na 1936 mai H wanda fuskarsa ta santi goma ce ta Afirka ta Gabas, bayansa kuma tauraro mai tsini shida na kwabon Yamma. Dalilin a fili yake: a lokacin maƙera ɗaya ce take buga wa yankunan biyu, kuɗaɗen kuma faɗinsu kusan ɗaya. Akwai kuma na 1945 da ya fito da sunan Edward, shekara tara bayan saukarsa.

Huji karkatacce yana buƙatar taka-tsantsan. Na maƙera bakinsa a tsaftace yake, rubutun da ke gefensa bai motsa ba. Wanda aka faɗaɗa da ƙusa, don a yi ado ko a tare kan ƙusar rufin kwano, ƙarfensa yakan tashi ta gefe ɗaya, harafin da ke kusa ya lanƙwashe.