Ɓera da Tarin Shiƙa: Tarihin Gwajin da Ke Auna Allurar Rigakafi

Tarin shiƙa ciwo ne na ɗan Adam. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa shi, Bordetella pertussis, a hanyar numfashin mutum take zama, kuma jarirai ta fi yi wa kisa: yaro ya yi ta tari ba ƙaƙƙautawa har leɓunansa su canza launi, sannan ya zuƙi iska da wata ƙara mai ban tausayi. Amma dabbar da aka fi dogara da ita wajen auna ƙarfin allurar wannan ciwo, yau sama da shekara 70, ita ce ɓeran ɗakin gwaji.

Jules Bordet da Octave Gengou ne suka fara rainon ƙwayar a Beljiyam a 1906. Alluran da suka biyo baya sai dai a ce Allah Ya kyauta, wata ta yi aiki, wata ta zama kamar ruwa, kuma babu hanyar bambancewa sai an yi wa yara an zuba ido. A 1932 wasu mata biyu, Pearl Kendrick da Grace Eldering, ma'aikatan ɗakin gwajin lafiya na jihar Michigan a garin Grand Rapids na Amurka, suka ɗaura ɗamarar gyara lamarin. Bayan an tashi daga aiki sukan bi gida-gida, su kara ƙaramin faranti mai abincin ƙwayoyi a bakin yaro mara lafiya ya yi tari a kai, su koma da shi su raini abin da ya faɗa. A gwajinsu na 1934 zuwa 1935, yara 4 ne suka kamu cikin 712 da aka yi wa allura, a yayin da 45 suka kamu cikin 880 da ba a yi wa ba.

Saura ma'auni. A 1947 Kendrick da abokan aikinta suka fito da gwajin da har yau ake kira da sunanta. Ana raba ɓeraye rukuni-rukuni, a yi wa kowane rukuni allurar a ciki, wasu da yawa, wasu kaɗan. Bayan kamar mako biyu sai a zuba musu ƙwayar da ranta kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, a yi ta ƙirga masu rai har kwana 14, a kwatanta sakamakon da na wata allura da aka riga aka san ƙarfinta. Gwaji ne mai tsanani ga dabbar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma ba ta ƙwaƙwalwa ciwon ke shiga jikin yaro ba. Sai ga shi manyan gwaje-gwajen da aka yi kan yara a Birtaniya a shekarun 1950 sun nuna cewa allurar da ta ceci ɓeraye ita ce ta kare yara. Margaret Pittman ta daidaita ma'aunin a Amurka, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe shi.

Allurar Kendrick ƙwayar ce sukutum, an kashe ta, shi ya sa takan kawo zazzaɓi da kumburi. Mutuwar jarirai biyu jim kaɗan bayan an yi musu ita ta sa Japan ta dakatar da ita na ɗan lokaci a 1975, iyaye suka ja baya, a 1979 mutum sama da 13,000 suka kamu, 41 suka rasu. A 1981 ƙasar ta fara amfani da sabuwar allura ta Yuji Sato, wadda ke ɗauke da 'yan sassan ƙwayar kawai.

Nan ma ɓera ya yi magana, sai dai ba a saurare shi da wuri ba. Masana suka koma shaƙa wa ɓeraye ƙwayar ta hanci, suna ƙirga abin da ya rage a huhu. Tun shekarun 1990 Kingston Mills, ɗan ƙasar Ayalan, ya nuna cewa tsohuwar allura tana tada sojojin jiki nau'in Th1, daga baya aka ƙara da Th17, masu kiran fararen ƙwayoyin jini su cinye bakteriya. Sabuwar kuwa ta fi karkata ga Th2, tana hana ciwo tsanani amma ba ta share hanci sosai. A 2010 annobar tarin shiƙa ta ɓarke a Kalifoniya, jarirai 10 suka mutu. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar Tod Merkel ta gwada alluran a kan gwaggon biri, wanda yake tari kamar mutum: waɗanda suka sami sabuwar allura ba su kwanta ba, amma sun ɗauki ƙwayar sun shafa wa wasu.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke kan tsohuwar allura su ci gaba da ita. Ita ce ke cikin allurar Penta da Najeriya ta fara bayarwa a 2012, wadda ake yi wa jariri yana da mako 6, da 10, da 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Guda ɗaya ba ta isa ba, sai an cika ukun.