Harry Mosco da Faya-fayen da Ya Yi Bayan Funkees

Harry Mosco Agada, wanda ya rasu a watan Maris na 2012, makaɗin jita ne kuma mawaƙi daga gabashin Nijeriya. Sau biyu ya yi tashe. Na farko a cikin ƙungiyar The Funkees, wadda ya kafa a ƙarshen yaƙin basasa, ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rok na ƙasar nan a shekarun 1970. Na biyu bayan ƙungiyar ta watse, lokacin da ya shiga fitar da faya-fayai da sunansa shi kaɗai: Country Boy a 1978, Peace & Harmony a 1979, sai Sugar Cane Baby a 1982. Wanda ya fara sanin Mosco ta Funkees yakan yi turus idan ya ɗora ɗaya daga cikin ukun nan, don tsawar jitar da ya saba ji ta lafa, rege da disko sun karɓi fage. Daga nan wasu suke juya baya, su ce mutumin ya yi sanyi. Sun yi gaggawa. Faya-fayen nan ba sa buɗuwa sai ga wanda ya san garuruwan da suka saye su, da abin da ya faru a garuruwan tsakanin 1970 da 1982.

Garuruwan kuwa ba baƙin Bahaushe ba ne. Tun 1916 layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal saboda kwal, ya ratsa ta Aba, daga baya ya miƙe arewa ta Makurɗi da Kafanchan. Shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarowa, manja yana haurawa. Fatake suka kafa zango a kowane gari: Gariki a Inugu, wajen titin Bida da kasuwar Ose a bakin kogin Kwara a Anacha, Diobu a Fatakwal, da unguwar da mutanen Owerri suke kira Ama Awusa. Zaman ya yi ƙarfin da a shekarun 1950 wani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'ar mutanen garin ya hau.

Kashe-kashen 1966 suka tsinka wannan zumunci. Ibo suka baro Arewa, 'yan Arewa suka baro Gabas, a Yulin 1967 yaƙi ya ɓarke. Inugu ta faɗa hannun runduna ta ɗaya ta sojan tarayya a Oktoban 1967, Anacha ta faɗa hannun runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed a Maris na 1968, Fatakwal kuma ta faɗi a watan Mayu na wannan shekara. Babbar kasuwar Anacha ta ƙone, gadar Kwara da aka kammala a 1965 ta karye. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970, duk wanda aka taɓa ajiyarsa ta banki a ƙarƙashin Biyafara fam 20 aka miƙa masa, komai yawan abin da ya tara.

A irin wannan hali, wa ke da kuɗin sayen jita mai lantarki da amsa-kuwwa da jerin ganguna? Soja. Shi kaɗai ke karɓar albashi a kan kari, kuma barikoki cike suke da samarin da ke neman inda za su yi rawa ranar Asabar. Hafsoshi suka riƙa sayen kayan kiɗa suna ɗaukar nauyin samarin da suka fito daga daji da yunwa a jikinsu, har wasu ƙungiyoyin suka ɗauki lambar birgediyar da ta raine su: Founders 15 a Fatakwal, Action 13 a Kalaba. Yawancin ƙananan sojojin nan daga Arewa suka fito, Hausa ce harshen bariki. Saboda haka cikin waɗanda suka fara biyan kuɗin ƙofa don kallon rok na Gabas akwai masu jin Hausa da dama, kuma a lokacin ne fatake suka fara dawowa zangunansu na da. Abin ya cancanci a tsaya a kansa: watanni kaɗan da suka wuce waɗannan samari suna fuskantar juna da bindiga, yanzu ga wasu a kan dandamali, wasu a filin rawa.

Mosco bai fara da rok ba. Ya yi wa Celestine Ukwu kiɗan jita a ƙungiyar Music Royals, wato ya koyi sana'arsa a hailaif mai sanyi, wanda jita take tafiya a hankali tana raka murya. Wannan horon bai taɓa barin yatsunsa ba, kuma shi ne mabuɗin duk abin da ya yi daga baya. Funkees ta fara a Nkwerre, ta koma Aba, garin da ya zama cibiyar wannan kiɗa tare da The Wings da The Apostles. Jerin da aka fi sani na ƙungiyar ya haɗa da Chyke Madu a kan ganguna, Danny Heibs a kan jitar bes, Sonny Akpabio a kan konga, Jake Sollo da ya taso daga The Hykkers a kan jita, da Mohammed Ahidjo a jagoran waƙa.

Wanda yake son jin abin da suka iya, ya nemi Akula Owu Onyeara. Bes ce take riƙe da waƙar, tana maimaita zagaye guda ba ta gajiya. Konga tana cike gurabun da manyan ganguna suka bari, jita da ogan suna shigowa suna fita, ana ba da waƙa da harshen Ibo ana amshi. Kayan kiɗan na Turawa ne, amma ginin na dandalin ƙauye ne, kuma kunnen da ya saba da yadda 'yan amshi suke karɓa wa Shata ba zai ɓata a ciki ba. A lokacin da yawancin ƙungiyoyi suke kwaikwayon Ingila da Amurka da Turanci zalla, wannan ƙarfin hali ne.

A 1973 suka tafi Landan. Can suka yi faya-fayai biyu manya, Point of No Return a 1974 da Now I'm a Man a 1976, suka yi kiɗa a shirin John Peel na rediyon BBC, suka samu masoya cikin 'yan Afirka ta Yamma da mutanen Karibiyan da ke birnin. Babbar kasuwar da suka je nema ba ta buɗe musu ba, don ƙungiyar Osibisa ta riga su kama wannan gurbi. A 1977 kowa ya kama gabansa.

A shekaru huɗun da suka yi a waje, gida ya canza. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a farkon 1975, garmaho mai lantarki ya shiga ɗakunan malaman makaranta da akawu da direbobi. Masu sayen faifai suka yawaita, kuma ba ɗalibai kaɗai ba ne yanzu, akwai magidanta da matan kasuwa. Hailaif ya farfaɗo ta hannun Oriental Brothers na Owerri. A 1976 Prince Nico Mbarga, wanda yake kiɗa a wani otal a Anacha, ya fitar da Sweet Mother a kamfanin Rogers All Stars na garin bayan kamfanin EMI ya ƙi karɓarta, faifan ya yi cinikin da ba a taɓa gani ba a Afirka. Darasin bai ɓuya ga kowa ba: kuɗin kiɗa yana Anacha, kuma ba a rok yake ba. Spud Nathan, jagoran The Wings, ya riga ya rasu a hatsarin mota a 1974. Bob Marley da disko sun cika shagunan faifai, waɗanda suke kafa lasifika a bakin ƙofa daga safe har dare. Kiɗan zango dai kalangu ne da kuntigin Ɗan Maraya da waƙoƙin finafinan Indiya, amma mai sayar da albasa a Ose ba shi da ikon toshe kunnensa daga abin da maƙwabcinsa ya kunna.

Cikin wannan kasuwa Country Boy ya faɗo a 1978, a ƙarƙashin Taretone, wani reshe na kamfanin Cif G.A.D. Tabansi, ɗan kasuwar da ya gina harkar faifai mai ƙarfi da ɗakin ɗaukar sauti a Anacha. Mosco ya maƙala wa faifan laƙabin Mr. Funkees, don masu saye su san daga inda ya fito. Waƙar da faifan ya ci sunanta rege ce mai sauƙin kamawa, kuma ita ta mayar da shi mawaƙin da ake sani a gidaje, ba na filin rawar samari kaɗai ba. A nan ne murya ta dawo gaba. A Funkees Mosco ɗaya ne cikin shida, Ahidjo ke riƙe da makirufo. A Country Boy shi ne mai waƙa, shi ne mai tsarawa, kuma jitarsa ta koma aikin da ta yi a gidan Ukwu, wato raka murya da ƙawata gefe. Wanda ya saurara da kyau zai ji cewa ƙarfin Funkees bai tafi ko'ina ba, ya sauka ne cikin bes da ganguna.

Peace & Harmony na 1979 shi ne mafi kyau cikin ukun, kuma shi ne wanda ya fi jure shekaru. A Landan aka ɗauke shi, sautinsa ya fi tsabta, akwai fili tsakanin kayan kiɗan. Waƙoƙi irin su Step On da Sexy Dancer disko ne da fonk na gidan rawa, waƙar taken kuma rege ce da aka bi da salon dub na mutanen Jamaika, wanda ake janye murya a bar bes da ganguna suna tafe cikin amsa-amo. Shekarun da ya yi cikin 'yan Karibiyan na Landan a wannan faifan suka fito sarai. Ga wanda yake son shiga faya-fayen Mosco, hanya mafi kyau ita ce ya fara da Now I'm a Man, ya tsallaka kai tsaye zuwa Peace & Harmony, sannan ya dawo Country Boy. Idan ya bi haka zai ji canjin a matsayin tafiya guda. Kuma ya ji faifai sukutum, kada ya tsinci waƙa ɗaya-ɗaya. Babban faifai na wancan zamani fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar kusan minti 20. Mai shi zai zaro shi daga kwali, ya riƙe ta gefe don kada yatsa ya taɓa layukan, ya hure ƙura daga allura, ya ɗora, idan fuska ta ƙare ya tashi ya juya. Mawaƙa sun san haka, shi ya sa suke zaɓen waƙar da za ta buɗe kowace fuska da wadda za ta rufe ta.

Sugar Cane Baby na 1982 waƙar nishaɗi ce mai ɗanɗanon kalifso, ta yi farin jini ƙwarai a rediyo da wuraren biki. Ita ce ta fi nisa da rok, kuma ita ce yawancin waɗanda suka girma a shekarun 1980 suke tunawa idan an ambaci sunansa.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Jake Sollo ya ɗan zauna da Osibisa, ya fitar da nasa faya-fayen, ciki har da Boogie Legs, sannan ya zama babban mai tsara sauti a kamfanin Tabansi, inda ya gina wa matasa irin su Felix Lebarty da Jide Obi suna, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a 1985. A Inugu kuma William Onyeabor ya kafa nasa kamfanin, Wilfilms, ya fitar da faya-fayai takwas daga 1977 zuwa 1985 da na'urorin kiɗa na lantarki, sannan ya rufe babin ya koma kasuwanci da addini. Idan aka jera mutanen nan uku za a ga cewa ƙungiya mai mutum shida ta daina biyan kanta. Mawaƙi guda da ɗakin ɗaukar sauti da ɗan kasuwar da zai rarraba, shi ne sabon tsari.

Shi ma tsarin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kayan buga faifai ya yi wuya. Kaset ya zo da arha, kowa yana iya kwafa, masu satar fasaha suka cika kasuwa. Abin da ya durƙusar da kamfanonin faifai na Anacha shi ne kuma ya taimaki zango, don da kaset ne waƙoƙin Shata da karatun malamai suka riƙa isa Diobu da Gariki cikin jakar direban babbar mota. 'Yan kasuwar titin Iweka na Anacha daga baya suka koma sayar da finafinan bidiyo. Mosco ya zauna a Legas ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti, ya koma yi wa wasu aiki.

Daga waje aka sake tono faya-fayen. Kamfanin Soundway na Ingila ya sa waƙoƙin Funkees cikin tarin da ya riƙa fitarwa na kiɗan Nijeriya, a 2012 kuma ya fitar da Dancing Time, tarin aikinsu na 1973 zuwa 1977, a shekarar da Mosco ya rasu a Masar. A 2016 Uchenna Ikonne, masanin da ya fi kowa bin diddigin wannan tarihi, ya fito da Wake Up You!, littafi da faya-fayai a kan tasowa da faɗuwar rok na Nijeriya, kamfanin PMG na Ostiriya kuma ya sake buga Country Boy da Peace & Harmony. A 2022 mawaƙin Amurka Kendrick Lamar ya yanko wani ɓangare na Breakthrough ta Funkees ya sa a waƙarsa Worldwide Steppers. Yawancin aikin Mosco yanzu yana intanet, ana iya jinsa a waya. Tsofaffin faya-fayen na asali kuwa, waɗanda aka buga don kasuwar Aba da Anacha, masu tara kayan tarihi a Turai da Japan da Amurka ne suke sayensu da tsada, kuma dillalai suna bin gidaje da tsofaffin shaguna a garuruwan Gabas suna neman abin da ya rage.