Lasifika

lasifika (suna, mace, jam'i: lasifikoki): na'urar da ke mayar da lantarki sauti, a masallaci ko gidan biki ko cikin mota.

A mota ita ake fara sauyawa idan ana neman sauti mai daɗi. Direbobin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Birniwa da Haɗeja da Nguru sun san dalili: zafin bazara da ƙurar hunturu suna cinye robar da ke zagaye da bakin lasifika, sai ta tsage, ta koma kakari da zarar an ƙara murya. Yawancin na mota masu om 4 ne, don haka a duba bayan sabuwar kafin a biya, ko Pioneer ce ko Kenwood daga kasuwar Sabon Gari a Kano.

Kaurin kiɗa, wanda ake ji har a ƙirji, aikin wufa ne, babbar lasifikar da ake kafewa cikin akwatin katako a but. Rediyon mota ba ya iya ɗaukarta shi kaɗai, sai an haɗa da amfilifaya. A nan mutane ke yin ganganci. Amfilifaya tana jan wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12, kuma siririyar waya marar fis tana iya ɗaukar zafi ta kama da wuta. Mai wayarin da ya san aikinsa yakan sa waya mai kauri, fis dab da batir, ya kankare fenti kafin ya ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen motar.