Kwanton Ɓauna a Kurmin Malaya: Ma'aunin Ƙarfi ne ko Alamar Yunwa?

Ranar 6 ga Oktoba 1951, mayaƙan Jam'iyyar Kwaminisanci ta Malaya suka buɗe wuta kan wani ayarin motoci a hanyar da ke hawa Fraser's Hill, suka kashe Sir Henry Gurney, Babban Kwamishinan Birtaniya a ƙasar. Galibi akan ɗauki wannan rana a matsayin ƙololuwar ƙarfin 'yan tawayen. Ni a ganina kwanton ɓauna, komai muninsa, ba ya nuna wanda ke cin yaƙi. Mutanen da suka laɓe a gefen hanyar nan makamai suke hari, kuma Chin Peng, jagoran jam'iyyar, ya bayyana daga baya cewa ba su san Gurney na tafe ba. Sa'a ce ta kawo musu shi.

Inda ake ainihin fafatawar shi ne bakin ƙauye. Kurmi yana ɓoye mutum amma ba ya ciyar da runduna. Shinkafa da magani da labarin zirga-zirgar sojoji duk daga Min Yuen suke fitowa, wato magoya baya cikin manoma 'yan asalin Sin da ke zaune a bakin daji. Tun 1950 shirin Janar Briggs na Birtaniya ya fara kwashe dubban ɗaruruwan manoman nan zuwa sababbin ƙauyuka kewaye da waya mai ƙaya. Mai yankan roba in zai fita da asuba sai an caje shi a ƙofa. A wasu wuraren a dafe ake raba shinkafa don ta lalace da wuri, abincin gwangwani kuwa a huda shi tun a kanti. A watan da aka kashe Gurney ne ma jam'iyyar ta umarci mayaƙanta su rage hare-haren da ke ɓata su da talakawa.

Wani zai ce ai kisan ya girgiza Landan, har aka turo Janar Templer a 1952 da ikon soja da na mulki a hannu ɗaya, don haka ya sauya tarihi. Haka ne, sai dai sauyin bai yi wa masu harin rana ba. Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu kuwa mutanen Tras ne, garin da ke kusa da wurin harin: an kwashe su kaf aka tsare, ba tare da an tabbatar da laifin kowannensu ba.