Filinka Naka Ne, Amma Abin Da Ke Ƙarƙashinsa Fa?

Yau Kakau za mu je, a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Abuja. Kaduna tana ta faɗaɗa zuwa can, gonaki suna komawa fulotai. Tambayata ita ce: in ka sayi fuloti ka gina, sai wani ya zo da lasisin fasa dutse ko haƙar ma'adini a wurin, wa doka za ta bi?

Amsar ba za ta yi wa mai gida daɗi ba, kuma tushenta tun zamanin Turawa ne.

A 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger Company. Cikin yarjejeniyar, an bar wa kamfanin rabin kuɗin ma'adinan da za a haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Ku lura, ba a tambayi manomi ko ɗaya ba. A 1910 aka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, sannan dokar ma'adinai ta 1946 ta jaddada cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarautar Ingila ne.

Mutanen Jos su suka fara ɗanɗana kuɗarta. Kamfanonin kuza suka shiga gonakin Birom da takardar gwamnati a hannu. Abin da ake biyan mai gona bai taka kara ya karya ba, kuma har yau ramukan suna nan cike da ruwa, suna cin mutane da dabbobi.

To, aka samu 'yanci, me ya canza? Sunan mai mallaka kawai. Inda aka rubuta Sarauta, aka mayar Gwamnatin Tarayya. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ma'adinai nata ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye ga gwamnan jiha. Wato takardar C of O da kake taƙama da ita izinin zama ne, ba ta kai ƙarƙashin ƙasa ba.

Nan rikicin yake. KADGIS a Kaduna tana ba da takardar fili, ofishin lasisin ma'adinai a Abuja yana ba da nasa, kowa da taswirarsa, ƙasa kuwa ɗaya ce. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ba ta ɓoye ba: ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran amfanin ƙasa. Kuma kada ku ɗauka zinare kaɗai ake nufi. Dutse, tsakuwa, yashi da marmara da tifa ke ɗiba, duk suna ciki.

Gaskiya dokar ta ɗan yi adalci. Ta hana ba da lasisi a kan gari, ƙauye, kasuwa da maƙabarta, da kuma mita 50 daga layin dogo, irin wanda ya ratsa Kakau. Ta ce a nemi amincewar mai fili, a biya diyya, a ƙulla yarjejeniya da al'umma kafin a fara aiki. Sai dai diyyar ta gini ce da amfanin gona, ba ta abin da aka haƙo ba.

Abin da ke damuna shi ne sababbin unguwanni. Gida biyar a tsakiyar gonar masara, ƙauye ne ko daji? In lasisin kamfani ya riga harsashinka, kai ne baƙo a idon doka, ko da nakiya tana tsaga maka bango. Dillalin fili ba zai gaya maka wannan ba. Kafin ka biya, ka tambayi mai unguwa ko akwai kamfanin da ya taɓa zuwa auna wurin, sannan ka sa lauya ya duba rajistar lasisin ma'adinai, ba ta KADGIS kaɗai ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.