Kabari Biyu Kafin Patigi

Ranar 4 ga Disamba 1893 jirgin ruwa ya sauke samari uku a Ikko: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Bingham, ƙaraminsu, bai wuce shekara 21 ba. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta tsaya masu, guzurinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Niyyarsu su kai bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato shimfiɗar da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa.

Tsofaffin 'yan mishan na Ikko ba su ɓoye masu komai ba. Shugaban Metodis na garin ya gaya masu cewa su ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai ko jikoki. Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham, aka yanke shawara ya zauna a bakin teku yana aika wa 'yan'uwansa kaya. Sauran biyun suka nausa arewa tare da 'yan dako. Gowans ya faɗa hannun masu harin bayi, suka raba shi da kayansa, ya ƙarasa Girku a ƙasar Zazzau jiki ya riga ya ƙare. Can ya rasu a Nuwamba 1894. Kent ya bi bayansa a Bida cikin Disamba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ɗauke da 'yan komatsan abokinsa. Ya je ya miƙa wa mahaifiyar Gowans, wadda ita ce ta fara zaunar da shi a falonta ta sa masa nauyin Sudan a zuciya. Matar ta riƙe hannunsa, ta yi shiru, sannan ta nuna masa cewa ta gwammace ɗanta ya mutu can shi kaɗai da ya zauna gida yana ƙin umarnin Ubangijinsa. Duk lokacin da aka ba da wannan labari a taron mishan, nan ake tsayawa a yi ajiyar zuciya. Ni kuwa abin da ya fi riƙe ni shi ne halin da saurayin ya shiga bayan ya bar gidan.

Bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, shi da kansa bai ɓoye wannan ba. A zamanin akwai koyarwa mai ƙarfi a tsakanin masu bi na Amurka da Kanada, cewa warkar da jiki na cikin abin da Almasihu ya saya a kan gicciye, don haka mai cikakkiyar bangaskiya ba ya bukatar magani. Bingham ya tafi Afirka da wannan tunani a ransa, ga shi ya dawo ya bar kabari biyu. Tambayar da ta hana shi barci ita ce: alkawarin Allah ne ya faɗi, ko kuwa shi ne bai fahimci alkawarin ba? Ya koma ga Littafi Mai Tsarki yana bi a hankali, ya kuma shiga asibiti a Kilibilan ya koyi abin da ya samu na aikin jinya. Abin da ya fito da shi bai sa ya daina yi wa marar lafiya addu'a ba, amma ya daina ganin kwinin a matsayin alamar raunin bangaskiya. Daga baya, a 1921, ya rubuta littafi guda a kan wannan batu.

Gyaran tunani bai buɗe masa hanya nan take ba. A 1900 ya sake zuwa Ikko da abokai biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kwantar da shi, aka ɗauke shi ranga-ranga aka sa a jirgi, abokan kuma suka karaya suka biyo jirgi na gaba. Shekara bakwai ke nan ba tasha ko ɗaya, ba wanda ya tuba ta hannunsu. Da mai girman kai ne, da ya nace sai da ƙafarsa za a shiga. Bingham ya haƙura, ya zama mai neman kuɗi da ma'aikata daga Toronto, ya tura wasu. Ayari na uku, mutum huɗu, ya tashi a 1901, ya kafa tasha a Patigi, ƙasar Nufe, a 1902.

A wannan shekara wani mai sayar da magani daga Toronto, Andrew Stirrett, ya rabu da shagunansa ya biyo su. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya kuma rasu a Jos a 1948. Mishan ɗin da su Bingham suka kafa, wato SIM, ya riƙe asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, ya buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950.

Bingham ya rasu a Disamba 1942, shekara 12 kafin ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki su haɗu su zama ECWA a 1954. Asibitin Jankwano da ke Jos, inda iyayenmu da yawa suka kwanta jinya, yau da sunansa ake kiransa.